Yadda Muka Yi Wa Saje Sutura

Baffana, ƙanin mahaifina, ya rasu ranar wata Talata ta daminar bara, jim kaɗan bayan an idar da sallar asuba, a ɗakinsa da ke ƙauyenmu tsakanin Ringim da Taura a Jihar Jigawa. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane, domin yara da manya Saje suke ce masa, muƙamin da ya baro gidan soja da shi a 1984, har Inna, matarsa, wadda kunya ba ta barinta ta ambaci sunan miji, ta samu sauƙi da wannan laƙabi. Da yake ɗansa namiji tilo yana aiki a Legas, sauran 'ya'yan kuma mata ne da ke gidajen aurensu, nauyin komai ya faɗo a kaina, ni da katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa, alhali ban taɓa jagorantar suturar kowa ba kafin wannan rana.

Ina zaune a gefensa lokacin da rai ya yi halinsa. Na shafe idanunsa, na ɗaure haɓarsa da tsumma mai tsabta, na miƙar da hannuwansa da ƙafafunsa tun jikin bai sandare ba, na lulluɓe shi da mayafi, sannan na fito na faɗa wa Inna abin da ta riga ta gane tun daga yadda na ɗaga labule. Na aika yaro wurin liman da mai unguwa, mai unguwa ya sanar da dagaci, ladan kuma ya yi shela ta lasifikar masallaci cewa za a yi jana'iza da ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Kafin rana ta ɗaga, zaure ya cika.

Gardama ta farko ta zo ne ta waya. Ɗan marigayin ya kira ni yana kuka, ya ce, "Yaya, don Allah ku jira ni, ko da dare ne zan iso, in ga fuskarsa." Na rasa abin da zan ce masa, sai na miƙa wa liman wayar. Liman ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Ɗana, gaggauta sutura shi ne gatan mamaci, ga kuma hadari yana haɗuwa a gabas. Ka taho a hankali, za ka tarar da addu'a, ita ce mahaifinka yake bukata daga gare ka yanzu." A lokacin na ga kamar an yi wa yaron tsauri, amma da ruwa ya kece bayan la'asar, ya kwana yana zuba, na san cewa da mun jira da ba mu samu ramin da za mu sa shi ba sai da wahala.

Da na fara maganar aika wa a sayo likkafani a Ringim, Inna ta kwance bakin zanenta ta ciro wani ɗan mabuɗi, ta ce, "Ɗan nan, ba sai an sayo ba. Duba akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado." Akwati ne kore irin na bariki, fentinsa ya kokkoɗe, wanda tun muna yara muka san ba a taɓawa. A samansa akwai farin yadi a naɗe cikin leda, da ƙullin kafur da kwalbar turare, duka shi ya saya da kansa shekaru da dama da suka wuce. A ƙarƙashinsu na tarar da takardar sallamarsa daga aikin soja mai ɗauke da lambarsa, da lambobin yabo biyu da suka dushe, da hotonsa yana saurayi cikin kaki, kunnuwa a baje ƙarƙashin hular da ta yi masa yawa. A can ƙasa kuma akwai wata 'yar takarda da aka ninke har ta fara tsagewa, an jera sunaye goma sha ɗaya a kanta da ajami. Ban tsaya karanta ta ba, domin ba lokacinta ba ne.

Labarin yadda wannan akwati ya zo gidanmu ya fara ne a 1967. A ranar 27 ga Mayu ta wannan shekara Yakubu Gowon ya raba ƙasa jihohi goma sha biyu, mu muka faɗa Jihar Kano ƙarƙashin Audu Bako, domin Jigawa sai a 1991 aka yanke ta. Yaƙin basasa ya ɓarke ranar 6 ga Yuli, aka shiga neman matasa ruwa a jallo. Baffa, wanda a lokacin bai fi shekara ashirin ba, ya bar fartanyarsa a gona ana tsakiyar noman farko, ya hau jirgin ƙasan da ke fitowa daga Nguru a tashar Ringim ba tare da ya yi wa kakanmu sallama ba, ya sauka a Kano, daga nan aka kwashe su zuwa makarantar horar da kurata ta Zariya. Horon da aka saba yi na watanni sai aka dunƙule musu shi cikin 'yan makonni, saboda rundunar da ba ta wuce mutum kimanin dubu goma ba kafin yaƙi ita ce ta kumbura har ta kai kusan dubu ɗari biyu da hamsin lokacin da aka gama. Ya sha gaya mana cewa ya koyi harbi kafin ya iya ɗaure igiyar takalminsa yadda samanja yake so.

A watan Agusta sojojin Biyafara suka kutsa Jihar Tsakiyar Yamma har suka kai garin Ore, aka haɗa Runduna ta Biyu cikin gaggawa ƙarƙashin Murtala Muhammad, aka jefa su Baffa a cikinta. A watan Oktoba suka iso Asaba, bakin kogin Kwara, suka tarar an karya gadar da ta haɗa garin da Onica. Sau uku aka yi yunƙurin tsallakawa da jiragen ruwa, babu wanda ya yi nasara, kuma mutane masu yawa suka halaka. Baffa yana cikin jirgin da aka buɗe wa wuta a tsakiyar ruwa. Abin da ya cece shi, bayan ƙarfin kwana, shi ne ya tashi yana ninƙaya a kogin Haɗeja. Ya yar da bindiga da takalma, ya bi ruwa har ya kama gaɓa. Yawancin waɗanda suke tare da shi 'yan tudu ne da ba su taɓa shiga ruwan da ya wuce ƙugu ba. Game da kisan farar hula da aka yi a Asaba cikin wannan wata, wanda tarihi ya rubuta, sau ɗaya na taɓa tambayarsa; ya yi shiru har na ji kunyar tambayar, daga bisani ya ce in miƙo masa buta. Bayan an zagaya ta tudu an kama Onica a watan Maris na 1968, yana cikin jerin motocin da aka yi wa kwanton ɓauna a Abagana ranar 31 ga watan, inda tankar mai ta kama da wuta ta cinye abin da ke kusa da ita. Yaƙi ya ƙare ranar 15 ga Janairu 1970, shi kuwa ya ci gaba da aiki daga wannan bariki zuwa wancan, har ya dawo gida ya koma noman gero da gyaɗa da riɗi. Duk ƙauyen an san gonarsa daga nesa, domin kunyoyinta a miƙe suke sambal kamar sojoji a fareti.

Ba mutum ne mai yawan labarin yaƙi ba, amma akwai maganar da ya maimaita mini fiye da sau goma, ita ce kuma wasiyyarsa. Yakan ce abokansa sun tafi babu wanka, babu likkafani, babu wanda ya san inda ƙasusuwansu suke, saboda haka shi abin da yake roƙo kawai shi ne a wanke shi da kyau, a sa shi a ƙasar da aka binne cibiyarsa, kada a lulluɓa masa tuta, kada a harba bindiga a kansa. "Na ji ƙarar bindiga ta ishe ni," in ji shi.

Wankan mu uku muka yi shi a bayan ɗakinsa, inda aka kewaye da zana: ni, da na'ibin liman wanda ya saba da aikin, da wani dattijo abokin Baffa tun na ƙuruciya. Na'ibi ne yake faɗa, ni ina aikatawa. Muka rufe tsakanin cibiya da gwiwa da zane kafin mu zare rigarsa, na naɗe hannuna da ƙyalle, muka ɗan ɗaga shi aka shafa cikin a hankali, aka tsarkake shi, aka yi masa alwala. Daga nan muka wanke kai da gemu, sai ɓangaren dama, sai na hagu, da ruwan da aka dama garin ganyen magarya a ciki. Wanki uku muka yi, domin mara ake so, na ƙarshen da ruwan kafur. Da muka juya shi don wanke bayansa ne hannuna ya sauka a kan abin da ban taɓa gani ba duk tsawon zamana da shi: wani tabo mai faɗin tafin hannu a ƙarƙashin allon kafaɗarsa ta hagu, fatar wurin ta tattare kamar ta wanda ya ƙone, a gefensa kuma wani ɗan ƙullutu mai tauri yana motsi ƙarƙashin fata. Dattijon ya dube ni ya ce, "Ƙarfen Abagana ke nan, likitocin soja sun ce a bar shi." Sai a nan na fahimci dalilin da ya sa ko a tsakiyar bazara, yana huɗa, ban taɓa ganinsa babu riga ba. An hana mai wanka ya bayyana aibin da ya gani a jikin mamaci, na kuwa yi tunani sosai kafin in rubuta wannan, na ga cewa tabon nan ba aibi ba ne.

Yadin da ya ajiye ya isa ƙyalle biyar kamar yadda malamanmu na Malikiyya suka fi so ga namiji: riga, da rawani, da gyauto, da mayafai biyu da ake naɗe jiki duka da su. Muka shafa turare a gaɓoɓin sujada, wato goshi da hanci da tafuka da gwiwoyi da yatsun ƙafa, muka naɗe shi, muka ɗaure ta kai da tsakiya da ƙafa. Aka shigo da shi tsakar gida a kan makara, Inna da 'ya'yansa mata da suka samu isowa suka durƙusa suka yi masa addu'a, suka yafe masa, tunda mata a wurinmu ba sa bin gawa maƙabarta.

Tun kafin mu fara wanka an auna tsawonsa da karan dawa an ba matasan da suka tafi haƙa. Ƙasarmu jigawa ce, rairayi ya fi yawa, ga damina ta jiƙa shi, saboda haka ramin farko da suka fara ya rufta ta gefe ɗaya tun bai kai gwiwa ba, dole suka matsa kan tudu kusa da kabarin kakanmu, inda ƙasar ta fi kama jikinta. Sun haƙa babban rami mai faɗi, a tsakiyarsa kuma suka haƙa siriri daidai kwanciyar mutum a kan gefensa, wasu suka saro itacen darbejiya aka yayyanka daidai faɗin ramin, wasu suka kwaɓa laka. Babu wanda ya karɓi ko kwabo a kan wannan aiki, kuma da na yi maganar ba su na goro, babbansu ya ɓata rai.

A filin da ke gaban masallaci aka ajiye makara. Kafin a tayar da salla liman ya juyo ya ce duk wanda yake bin marigayi bashi, ko marigayi yake binsa, ga wanda zai gani, ya nuna ni. Na miƙe na ce na ɗauka. Wannan kalma ta fi makarar nauyi a wurina, domin ban san abin da zai biyo baya ba. Daga ƙarshe dai bashin bai wuce kuɗin buhun taki ɗaya da na wani magani ba. Liman ya tsaya daidai tsakiyar gawar, muka yi sahu a bayansa, ya yi kabbara huɗu, ana addu'a bayan kowace, babu ruku'u babu sujada, ya yi sallama. Muka ɗauki makara ana karɓa-karɓa, muka ratsa ta cikin gonakin gero da ya fi mutum tsawo. Ni da mutum biyu muka shiga ramin, muka kwantar da shi a kan gefensa na dama yana fuskantar alƙibla, muka sassauta ɗaurin, aka jera itace, aka toshe kafofin da ganye da laka don kada ƙasa ta zuba masa, sannan kowa ya sa hannu aka mayar da ƙasa.

Ana cikin daidaita tudun kabarin ne muka hango wasu tsofaffi uku suna ratso geron, ɗaya yana dogara sanda, dukansu da hular soja a kan manyan riguna. 'Yan mazan jiya ne, abokan Baffa a ƙungiyar tsoffin sojoji, waɗanda na kira sakatarensu tun da safe. Motar da suka hau ce ta kafe a taɓo, suka ƙarasa da ƙafa. Ɗaya daga cikinsu yana riƙe da tutar ƙasa a naɗe a hammata. Na tare su na faɗa musu wasiyyarsa, babbansu ya gyaɗa kai ya ce ai ya sani, shi ma ya ji daga bakinsa, sun dai zo da ita ne saboda haka dokarsu ta ce. Bayan an shafa addu'a ya matsa kusa da liman ya ce, "Allah gafarta Malam, a ba mu izini mu sara masa." Wasu matasa a bayana suka fara gunaguni cewa wannan ba ya cikin sunna. Liman ya ɗan yi jim, sannan ya ce, "An gama abin da addini ya ce. Ku yi ban kwana da ɗan'uwanku." Tsofaffin nan uku suka jeru, mai sandar ya miƙa mini sandarsa, suka ƙame iya yadda ƙugunsu ya bari, suka ɗaga hannu zuwa goshi, babbansu ya ce, "Saje, mun zo." Abin bai kai minti ɗaya ba. Ni a ganina liman ya yi daidai, domin ba su ƙara komai a cikin ibadar ba, kuma a duk taron nan su kaɗai ne suka san abin da ya gani.

Kwana uku muka yi a kan tabarmi a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa. Mai zuwa ya ce, "Ya haƙuri?" mu ce, "Haƙuri sai godiya," a yi masa addu'ar Allah ya jiƙansa, ya kyautata namu zuwan. Ɗansa ya iso a daren farko jiƙe sharkaf, da gari ya waye na raka shi kabarin. Ranar uku mata suka yi gumba da waina aka rarraba, Inna kuma ta shiga takabarta ta wata huɗu da kwana goma.

Suturar da ƙauye ya gama cikin awa biyar, takardunta sun ci mini fiye da wata uku. Da yake a gida ya rasu, babu takardar asibiti, sai na karɓi wasiƙar shaida daga dagaci, hakimi ya sa hannu, na kai ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda ita ce take rajistar haihuwa da mutuwa, aka ba ni takardar shaidar rasuwa. A nan matsala ta ɓullo. Lokacin da aka ɗauke shi soja, kamar yadda aka yi wa 'yan Arewa da yawa, sunan gari aka rubuta masa a matsayin suna na biyu, haka yake a takardar sallama da asusun bankin da fanshonsa yake shiga, alhali wasiƙar dagaci da takardar rasuwa sunan kakanmu suke ɗauke da shi. A kan takarda, wanda ya mutu daban, sojan daban. Sai da na je kotu na yi takardar rantsuwa cewa mutum ɗaya ne, na haɗa da hotuna da shaidar abokan aikinsa, kuma duk da haka wani ofishi ya mayar da ni sau biyu, sau ɗaya don mai sa hannu ba ya nan, sau ɗaya don an ce hoton ya yi duhu. Sakataren 'yan mazan jiya, tsoho mai ciwon ƙafa, shi ya riƙa raka ni, yana nuna mini ƙofar da ake shiga da wadda ake ɓata lokaci a bakinta.

Ana cikin haka fanshon watan da ya biyo bayan rasuwarsa ya shigo, saƙo ya faɗo a wayarsa da ke hannuna, ga kuma katin cirar kuɗin a aljihuna, tunda ni nake ciro masa a 'yan shekarun nan. Wani daga cikin dangi ya ja ni gefe ya ce in yi shiru kawai, ai gwamnati ba ta san ya mutu ba, Inna kuma tana da bukata. Ba zan ɓoye ba, maganar ta kwana a raina. Amma na tuna cewa ni ne na miƙe a gaban jama'a na ce na ɗauki bashinsa, bai kuwa dace in sauke masa na taki in ɗora masa wani ba. Ban taɓa kuɗin ba, na rubuta wa banki da masu biyan fansho na sanar da su rasuwar.

Rabon gado bai yi wahala ba. Bayan an fitar da bashi, Inna ta ɗauki tumuninta, wato kashi ɗaya cikin takwas, saura aka raba wa 'ya'ya, namiji yana da rabon mata biyu. Da aka zo kan akwatin ƙarfe, malamin da ke rabon ya juya lambobin yabon a tafin hannunsa ya tambayi nawa za a yi musu kuɗi, babu wanda ya iya amsawa. Magada suka yarda a bar akwatin da abin da ke cikinsa a ɗakin Inna muddin tana raye.

Ranar da ta fita takaba, cikin sanyin hunturu, an gama girbi an cika rumbuna, ta aiko aka kira ni ta ce tana so a yi masa addu'a a zaure, a kuma haɗa da mutanen da ke cikin 'yar takardar nan. A ranar ne ta gaya mini cewa sunayen waɗanda suka shiga jirgi tare da shi ne a Asaba, kuma tunda ta aure shi bai taɓa kwanciya daren Juma'a ba sai ya ambace su ɗaya bayan ɗaya ya roƙa musu gafara. Na kawo takardar na ba liman. Ya sa tabarau, ya matsa kusa da hasken ƙofa, ya fara karantawa a hankali, mutane suna cewa amin bayan kowane suna. Da ya zo na bakwai sai ya tsaya, domin ninkin takardar ya bi ta kan sunan ya cinye tawadar, ya juya ta ta kowane gefe bai iya fitar da shi ba. Daga bayan zana, inda mata suke zaune, Inna ta ɗaga murya ta faɗi sunan, liman ya maimaita, ya wuce zuwa na takwas.